Ciwon Ƙugu Mai Gangarowa Ƙafa

  Makon nan ina so mu yi magana a kan wani ciwo wanda na tabbata ba a rasa mai shi a unguwarku, wataƙila ma a cikin gidanku. Shi ne ciwon nan da ke farawa a ƙugu, ya ratsa ɗuwawu, ya gangara ta bayan cinya har sha-raɓa, wani lokaci har 'yan yatsu. Wadda ta taɓa yinsa ba ta bukatar kwatance. Wata ta ce kamar an ɗora mata garwashi, wata ta ce kamar minjirya ta kama ta, wata kuwa ta ce ƙafar ta ke ji kamar ba tata ba.

Abin da ya sa na ɗauko zancen nan shi ne abin da ya sami wata gwaggona.

Gwaggo tana zaune a wani ƙauye kusa da Tudun Wada, sana'arta turara shinkafa. Kowa ya san shinkafar ƙasarmu, amma ba kowa ya san wahalar da mata ke sha kafin ta kai kasuwa ba. A jiƙa, a tsame, a turara, a juye, a baza a rana, a yi ta motsawa a sunkuye, da yamma kuma a kwashe. Da wannan sana'a ta ke riƙe da marayu huɗu. A kakar 2023, ran nan da hantsi, ta sunkuya za ta sauke tukunya daga murhu ita kaɗai, sai ta ji ƙugunta ya ce ƙas. Ta daure ta ƙarasa aikinta. Kafin kwana uku ciwo ya sauka ƙafar hagu. In ta yi tari ko atishawa sai ta ƙwalla ƙara. Zama ya gagara, ruku'u a salla kuwa sai da ƙyar.

Kun san halinmu, kowa ya zo sannu da irin maganinsa. Wannan ta ce sanyi ne, waccan ta ce basir ne, wata tsohuwa ta rantse cewa Gwaggo ta tsallaka wani abu da a ka binne mata. A ka kira wanzami ya yi ƙaho, ya yi tsaga a cinya da sha-raɓa. A ka yi allurai a wurin wani mai kemis. Daga ƙarshe a ka ce ta kwanta, kada ta motsa sai ta warke. Mako shida tana kwance. Ƙafa ta rame, jari ya ƙare, 'yarta mai shekara 13 a ka dakatar da ita daga makaranta domin ta riƙe murhu. Da na je hutu na tarar da littattafan yarinyar nan a rataye sun yi ƙura, hankalina ya tashi. Na roƙi yayan Gwaggo ya yarda, mu ka ɗauke ta mu ka bi ta Kwanar Dangora zuwa asibiti a birnin Kano. Abin da na koya a can shi ne na ke so in ba ku.

Daga Ina Ciwon Ya Ke Tasowa?

Ki kai hannu bayanki ki shafa gadon bayanki, za ki ji 'yan ƙasusuwa a jere. Guda 33 ne duka. Guda 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji, 5 a ƙugu, sauran sun manne da juna can ƙasa. Na ƙugu su ne manya, domin su ke ɗauke da nauyin jiki, da na goyo, da na tulun da ke kanki. A tsakanin ƙashi da ƙashi Allah Ya sa wani faifai na guringuntsi, aikinsa kamar aikin gammo ne tsakanin kai da kaya. Bayansa da tauri, cikinsa da taushi.

A tsakiyar ƙasusuwan nan akwai rami, a cikinsa laka ta ke, watau abin da ya taso daga ƙwaƙwalwa ya gangaro. Daga lakar nan jijiyoyi su ke fita dama da hagu su watsu cikin jiki. A nan sai mu lura, domin mu Hausawa kome jijiya mu ke ce masa. Akwai jijiyar jini, wadda jini ke gudana a cikinta. Akwai kuma jijiyar laka, wadda ke kai saƙo. Ita ke gaya wa ƙwaƙwalwa kin taka ƙaya, ita ke gaya wa ƙafa ta ɗaga. Zancenmu na yau a kan jijiyar laka ya ke.

Saiwoyi biyar daga ƙasan gadon baya su ke haɗuwa su zama jijiya guda, wadda ta fi kowace jijiyar laka a jikin ɗan Adam tsawo da kauri. A wurin da ta fi kauri ta kai babban yatsan hannu. Ta kan ratsa ɗuwawu, ta bi bayan cinya, ta rabu biyu daf da bayan gwiwa, rassanta su kai har tafin ƙafa. To, idan faifan nan na ƙugu ya tsage, taushin cikinsa ya ɓullo, sai ya danne ɗaya daga cikin saiwoyin, wurin ya kumbura. Jijiya kuwa in an taɓa ta a sama, a ƙasa ta kan yi kuka. Shi ya sa ciwo ya ke a sha-raɓa alhali kuwa sha-raɓa lafiyarta ƙalau. Likitoci suna kiran ciwon nan sayatika, kuma sun ce wajen kashi 9 cikin 10 na masu shi, faifan nan ne sanadi. Kun ga ke nan tsagar da a ka yi wa Gwaggo a ƙafa, an bar jaki ana dukan taiki.

Kada wata ta ce mu kaɗai a ka jarraba. Wani likita mutumin Italiya, Domenico Cotugno, ya rubuta bayanin ciwon tun 1764. Amma sai a 1934 wasu likitoci biyu a birnin Boston na Amurka, Mixter da Barr, su ka nuna wa duniya cewa tsagewar faifai ce ke danne jijiya. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ƙiyasta cewa a 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu, kuma babu ciwon da ya kai shi hana mutane aikinsu. Ba dukansu ne ciwon ke sauka musu ƙafa ba, amma waɗanda ya sauka wa su su ka fi jin jiki.

Jijiya Kamar Zariya Ce

Yanzu ga abin da ya fi ba ni mamaki. Da ina tsammani jijiya a manne ta ke da nama kamar ɗinki. Ashe ba haka ba ne. Ku da ku ka koyi ɗinki kun san zariyar wando a cikin ƙubaka. In kin ja wannan baki, wancan ya shige ciki. In kin ja wancan, wannan ya bi. Haka jijiya ta ke, tana da hanyarta a tsakanin nama da ƙashi, kullum kin miƙe ƙafa ko kin sunkuya sai ta zame gaba ko baya. Wani likitan ƙwaƙwalwa mutumin Suwidin, Alf Breig, ya nuna a 1960 cewa laka da saiwoyinta suna motsi suna miƙewa duk lokacin da mutum ya sunkuyar da kai ko baya.

In ba ki da ciwo, ki gwada da kanki, gani ya kori ji. Ki zauna a bakin gado, ki miƙe ƙafa ɗaya, ki ɗago yatsu su dubi fuskarki. Za ki ji ja a bayan cinya. To, kada ki motsa ƙafar, ki dai sunkuyar da kai haɓa ta taɓa ƙirji. Jan ya ƙaru ko? Yanzu ɗaga kai ki dubi rufin ɗaki. Ya ragu. Me ya haɗa wuya da bayan cinya? Igiya guda ce ta taso tun daga kai har ƙafa.

Jijiya kuma abu ce mai rai, tana da 'yan ƙananan jijiyoyin jini masu ciyar da ita. In an danne ta, ko ta kumbura, ko an daɗe ba a motsa ta ba, sai zamiyar nan ta ragu, ta zama mai saurin fushi, abu kaɗan sai ta yi zogi. Ku tuna zariyar da a ka wanke wando da ita, a ka bar shi a ƙasan adaka wata da watanni. In kin zo ja sai ki ji ta kafe. In kin fizga da ƙarfi ta tsinke ko ƙubaka ta yage. Mai hankali sai ta riƙa ja kaɗan ta nan, ta saki, ta ja kaɗan ta can, har ta saki jiki. Wannan dabara ita ce likitocin gashin ƙashi su ka mai da ita magani, su na ce mata motsa jijiya. Mutanen Ostareliya su su ka fi yi mata hidima, musamman wani mai suna David Butler wanda ya wallafa littafi a kanta a 1991, daga nan ta bazu cikin duniya har ta iso asibitocinmu.

Abin Da A Ka Yi Wa Gwaggo

Bayan likita ya duba Gwaggo ya tabbatar babu wani abin tsoro, sai ya tura mu sashen gashin ƙashi, wanda a ke kira fisiyo. Sunan nan na gashi ya kan ruɗi mutane, su zaci wuta kawai a ke haska wa mutum. Yawancin aikinsu koyar da motsa jiki ne.

Mu ka yi sa'a mace mu ka samu. Ta yi wa Gwaggo tambayoyi da yawa: yaushe ya fara, ina ya ke kaiwa, me ke tayar da shi, yaya fitsari da bayan gida. Ta sa ta tafiya a kan diddige, sa'an nan a kan yatsu. Ta buga mata 'yar gudumar roba a gwiwa da agara. Ta shafa mata auduga a ƙafa tana tambaya ko tana ji. Daga nan ta kwantar da ita rigingine, ta ɗaga ƙafar a miƙe sannu a hankali. Ba ta kai rabin hanya ba Gwaggo ta ce, "Wayyo 'yar nan, ga shi nan ya taho!" Malamar ta ce, "Sannu Baba, yanzu mun san jijiya ce."

Sai ta koya mata motsi iri biyu. Zan bayyana muku su domin ku san abin da za ku tarar, ba domin wata ta mai da kanta likita ba.

Na farko a kwance a ke yi. A kwanta rigingine a kan tabarma, a sa ƙaramin matashi a ƙarƙashin kai. A lanƙwasa gwiwar ƙafa mai ciwo, a riƙe bayan cinya da hannu biyu. Sai a miƙe gwiwa sannu sannu har a fara jin ja kaɗan. Da an ji, sai a mayar. Ba a tsayawa a wurin jan, ba a kuwa wuce shi.

Na biyu a zaune a ke yi, a kan kujera mai tsawo ko bakin gado, ba 'yar kujerar tsugune ba. A miƙe gwiwa, a daidai lokacin kuma a ɗaga kai a dubi sama. Sa'an nan a sauke ƙafa, a daidai lokacin a sunkuyar da kai. Kun ga hikimar? In ƙafa ta ja, kai ya saki. In kai ya ja, ƙafa ta saki. Jijiya tana ta zamewa gaba da baya cikin hanyarta ba tare da an ɗaure ta ba, daidai da zariyar nan.

Malamar ta ce Gwaggo ta fara da sau biyar, safe da yamma, in jiki ya karɓa a kai goma. Ta kuma kafa mata dokoki uku waɗanda na rubuta a littafina.

Ɗaya, a yi shi a hankali kamar ana lallashin jariri. Ja kaɗan ba laifi, amma zogi mai harbawa alama ce an wuce gona da iri.

Biyu, in an gama, abin da a ka ji ya kamata ya lafa cikin 'yan mintoci. In ciwo ya ƙaru ya wuni ko ya kwana, a rage, in ya ci gaba a daina a koma asibiti.

Uku, a lura da inda ciwo ya nufa. In yana janyewa daga sha-raɓa zuwa cinya, daga cinya zuwa ƙugu, sauƙi ne ke zuwa, ko da ƙugun ya ɗan ƙara ciwo. In kuwa yana ƙara gangarawa ƙasa, ko ƙafa tana ƙara mutuwa, a tsaya.

Akwai wani iri na uku wanda a ke jan jijiya ta baki biyu gaba ɗaya, watau kai a sunkuye ƙafa a miƙe. Wannan sai ciwo ya lafa, kuma sai likita ya ce a yi. Wadda ta fara da shi tana iya tayar wa kanta da abin da ke barci.

Ba motsa jijiya kaɗai a ka ba Gwaggo ba. An ce ta riƙa 'yar tafiya a tsakar gida kullum, tana ƙarawa kaɗan kaɗan. An koya mata motsin da ke ƙarfafa naman ciki da na baya da na ɗuwawu, waɗanda kwanciyar nan ta raunana. An kuma nuna mata ta kwanta ta gefe da matashi a tsakanin gwiwoyi in dare ya yi.

Shin Yana Magani Kuwa?

Zan gaya muku gaskiya yadda ta ke. A 2017 wasu masana, a ƙarƙashin jagorancin wata malama daga jami'ar Witwatersrand ta Afirka ta Kudu, sun tattara bincike 40 da a ka yi a kan motsa jijiya, su ka auna su. Sun tarar yana rage zafi, yana kuma taimaka wa masu ciwon ƙugu mai nasaba da jijiya su koma harkokinsu. Masana suna ganin motsin yana rage kumburin da ke cikin jijiya, ya kyautata gudun jini, ya kuma kwantar mata da saurin fushin nan. Amma ba ya mayar da faifan da ya ɓullo, ba ya kuwa warkarwa dare ɗaya. Mataimaki ne a cikin mataimaka.

Ga kuma albishir. Yawancin masu ciwon nan su kan sami sauƙi cikin mako 6 zuwa 12 ba tare da an yi musu aiki ba, domin sau da yawa jiki da kansa ya kan tsotse abin da ya ɓullo daga faifan. Kaɗan ne a ke yi wa fiɗa. Saboda haka wadda ke ƙin asibiti domin tsoron wuƙa, ta kwantar da hankalinta.

Alamun Da Ba A Jira

Wannan sashe ina roƙonku ku karanta shi sau biyu, ku kuma karanta wa maigida. In mai ciwon ƙugu ta ga ɗaya daga cikin waɗannan, ba zancen motsa jijiya ba ne, ba kuwa zancen sai gobe ba ne. A nemi mota a tafi babban asibiti a ranar.

In fitsari ya ƙi fita, ko fitsari ko bayan gida yana zubowa ba ta sani ba. In gaba da tsakanin cinyoyi sun mutu, har ba ta jin ruwa in tana tsarki. In ƙafafu biyu sun ɗauka gaba ɗaya, ko ƙafa tana ƙara rauni har tana jan yatsu a ƙasa, takalmi yana zamewa. Waɗannan alamu ne cewa an danne jijiyoyi ƙwarai, jinkirin kwana ɗaya ko biyu yana iya barin mace da naƙasa har abada. Na san kunya ta kan hana mu faɗin irin wannan, amma kunyar da za ta jawo gurgunta ba ta da amfani.

Haka kuma in ciwon baya ya zo da zazzaɓi, da rama, da gumin dare, ko wani ƙashi ya fara turowa kamar doro, a gaggauta. Tarin fuka ba huhu kaɗai ya ke kamawa ba, ya kan ci ƙashin baya, kuma yana da magani in an zo da wuri. Wadda ta faɗi ko ta yi haɗari, da wadda ta taɓa ciwon daji, da mai amosanin jini, da mai ciki, su ma kada su fara kome sai likita ya gan su.

Abubuwan Da Ya Kamata Mu Bari

Na farko, doguwar kwanciya. In ciwo ya yi tsanani a huta kwana ɗaya ko biyu, daga nan a tashi a riƙa motsawa gwargwadon hali. Mako shidan nan da Gwaggo ta yi a kwance sun fi ciwon kansa yi mata ɓarna.

Na biyu, tsaga da sakiya. Ba su kai inda ciwon ya ke, ga kuma haɗarin aska ɗaya ga mutum goma. Ta nan ciwon hanta da wasu miyagun cututtuka ke yaɗuwa.

Na uku, a sa ƙato ya taka bayan mace ko ya fizge mata ƙafa wai a mayar da jijiya. Zariya ce, 'yan'uwa, ba a fizgar ta.

Na huɗu, ƙwayoyin nan na haɗi da masu talla ke ƙullawa a leda. Magungunan kashe zafi in an daɗe ana sha su kan ci ciki, su taɓa ƙoda, wasu ma ba su dace da mai ciki ba. A sha abin da likita ya rubuta, iyakar kwanakin da ya ce.

Na biyar, allura a ɗuwawu a hannun wanda bai ƙware ba. Jijiyar nan da mu ke zance ta nan ta ratsa. In allura ta same ta, ƙafa ta kan shanye, kuma yara ƙanana su ne abin ya fi samu. Kada ki miƙa ɗanki ga kowa da kowa domin kawai yana da sirinji.

A Cikin Aikin Gida

Ba na ce mu daina aiki ba. Baya abu ne mai ƙarfi, aiki ma yana ƙara masa ƙarfi. Abin da ba ya so shi ne a daɗe a hali guda, ko a ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa farat ɗaya. In za ki ɗauki kaya, ki matso kusa da shi, ki lanƙwasa gwiwoyi, ki tashi da ƙarfin cinya, kada ki murɗa ƙugu da kaya a hannu. Tukunyar da ta fi ƙarfin mutum ɗaya a kama ta mutum biyu, ko a rage ta da ƙwarya kafin a sauke. In kina wanki ko shara ko baza shanya, ki riƙa miƙewa jifa jifa, ki dafa ƙugu ki ɗan gantsare. A ɗaura wa tsintsiya sanda, a ɗora bahon wanki a kan turmi ko benci. Masu ɗinkin hula da masu keke, da ku 'yan makaranta masu daɗewa a kan benci, ku riƙa tashi kuna taka ƙafa.

Ina Za A Je?

A fara da asibiti mafi kusa, kamar babban asibitin Tudun Wada, domin likita ya duba ya faɗi inda za a nufa. A birnin Kano akwai sashen gashin ƙashi a Asibitin Ƙashi na Dala, wanda a ka buɗe a 1959, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da Asibitin Murtala. Na san tafiya daga Doguwa ko Kiru ko Bebeji kuɗi ce, ga barin yara. Amma alherin wannan magani shi ne, in an koya miki sau ɗaya ko biyu, sauran aikin a ɗakinki za ki yi, ba ya bukatar kome sai tabarma da kujera da haƙuri. Ina kuma roƙon iyayenmu maza su riƙa ba da izini da kuɗin mota tun da wuri. Abin da a ke kashewa a kan ƙaho da allurai da ƙwayoyi ya kan fi kuɗin motar.

Ku kuma ƙannena 'yan makaranta, ga wata sana'a da ba ku cika jin labarinta ba. Aikin fisiyo ya shigo Nijeriya a 1945 ta asibitin ƙashi na Igbobi a Ikko. Jami'ar Ibadan ta fara ba da digirinsa a 1966, ga shi kuma ana koyar da shi a Jami'ar Bayero, nan ƙofar gida. Na ga yadda Gwaggo ta saki jiki ta faɗi abin da ke damunta domin mace ce a gabanta. Mata nawa ne a ƙauyukanmu ke ɓoye ciwo domin ba su iya buɗe cinya ga namiji? Ku dage da lissafi da kimiyya, wataƙila wata a cikinku ce za ta ɗauke wa matan ƙasarmu wannan doguwar tafiya.

Gwaggo dai ta riƙe abin da a ka koya mata kamar wuridi, bayan sallar asuba da bayan la'asar. Makon farko ta ce ita ba ta ga wani abu ba, wannan ai wasan yara ne. A mako na uku ciwo ya bar sha-raɓa ya koma cinya. Bayan wata biyu ta yi ruku'u ba ta dafa bango ba. Har yanzu in ta yi wunin shanya ƙugun ya kan tuna mata, gefen ƙafarta kuma akwai ɗan wurin da bai gama farfaɗowa ba. Amma ta koma sana'arta, ta raba tukunyar nan biyu, ba ta kuma saukewa ita kaɗai. Yarinyar ta koma makaranta, ko da ya ke sai da ta maimaita aji.

Wadda ta karanta wannan ta gaya wa wadda ba ta karanta ba, domin ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Mai tambaya kuma ta rubuto ta hannun Edita, in na sani in amsa, in ban sani ba in tambayo masana. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, mu kuma Ya ƙara mana lafiya, amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.